Ka goge fayilolin giga 60 amma har yanzu kwamfuta na cewa babu wuri

Ka zauna ka tattaro bidiyoyi da tsofaffin kayan da suka kai giga 60, ka danna dilit, kana gani da idonka sun ɓace daga folda, sai ka koma This PC ka duba C ɗin nan ka tarar layin har yanzu ja wur yake, lambar da ke ƙasansa ko motsi bata yi ba. A nan ne hankalin mutane da yawa yake tashi. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce diskin ne ya fara mutuwa, wani kuma, kuma shi ne wanda ya fi damuna wallahi, sai ya ci gaba da goge-goge, ya kutsa cikin foldar Windows yana cire abubuwan da bai san aikinsu ba, har ya kashe kwamfutar da hannunsa a kan matsalar da galibi bata wuce ta 'yan mintuna ba.

Bari in fara da abin da in ka gane shi sauran duk sauƙi ne. Abin da kake gani a cikin folda suna ne kawai. Ainihin bayanan suna can shimfiɗe a kan diski, ita kuma kwamfuta tana da wani jadawali da take rubuta cewa fayil kaza yana wuri kaza zuwa wuri kaza, Windows tana ajiye nata a tsarin NTFS, Mac a APFS, yawancin Linux kuma a ext4. Kamar mai sito ne da littafinsa, in ya soke sunan mutum a littafi buhunan basu fita daga siton ba, kuma ba zai ba wani wurin ba sai ya tabbata babu sauran mai haƙƙi a kan kayan. To haka kwamfuta take, ba za ta lissafa wuri a matsayin fanko ba sai hannu na ƙarshe da yake riƙe da bayanan ya saki. Don haka duk sanda ka goge abu wurin bai dawo ba, ka dakata da gogewa tukuna, ka tambayi kanka waye yake riƙe da abin nan da na goge.

Mai riƙo na farko kowa ya san shi, kwandon shara. Dilit na yau da kullum ba gogewa yake ba, sauya wa fayil wuri yake, ya tura shi wata ɓoyayyiyar folda mai suna $Recycle.Bin a kan diskin nan dai da yake, shi ya sa ma zaka ga fayil ɗin giga 20 ya "gogu" cikin ƙiftawar ido, ai babu abin da aka ɗauka aka kai ko'ina. Amma akwai abin da mutane basu cika lura da shi ba a nan. Kowane diski yana da kwandonsa, kuma kowane akawun a kan kwamfutar yana da nasa ɓangaren, saboda haka in ku biyu ko uku kuke amfani da laftof ɗaya kowa da akawun ɗinsa, kai ka zubar da naka amma na ɗan'uwanka yana nan maƙare da kaya, kuma kai ba zaka gan shi ba daga naka ɓangaren. Haka in ka goge abu a kan had diski na waje, sai yana jone sannan zubar da kwandon zai shafe shi.

A Mac da Linux abin ya fi kama mutane a filash da katin memori. Ka sa katin kyamara a Mac, ka jefa hotuna duka a Trash, ka zare katin ka mayar cikin kyamara, sai ta nuna maka babu hoto ko ɗaya amma kuma ta ce kati ya cika. Hotunan suna nan a kan katin cikin ɓoyayyiyar foldar .Trashes, kyamara bata kallon wurin ne kawai. A Linux sunan foldar yakan zama .Trash-1000. Magani shi ne ka mayar da katin cikin kwamfutar ka zubar da kwandon yana jone, ko in ka riga ka kwashe abin da kake so ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta, wanda ni shi na fi so ma.

Sannan akwai manhajojin da suke da nasu kwandon daban wanda bai haɗa hanya da na kwamfuta ba. Photos ta Apple tana riƙe abin da ka goge kwana 30 a Recently Deleted. Google Drive ma kwana 30 ne, kuma duk abin da yake cikin kwandonta ana lissafa shi cikin giga 15 ɗin nan na kyauta har sai ka zubar. Dropbox tana da wata ɓoyayyiyar folda .dropbox.cache da take ɗan riƙe abubuwa na wasu kwanaki. Outlook kuma duk imel ɗinka cikin ƙaton fayil ɗaya take tara su, ka goge saƙo dubu fayil ɗin bai zama dole ya ragu nan take ba sai an matse shi da Compact Now.

Wanda nake so a kula da shi sosai a wannan layin shi ne OneDrive. In ka ga alamar gajimare a gefen fayil, ma'anarsa fayil ɗin ba ya kan diskinka tun farko, sunansa ne kawai a wurinka, shi yana can intanet. Ka danna dama a kansa ka buɗe Properties zaka ga layi biyu, Size yana cewa misali giga 4, Size on disk kuma yana cewa sifili. In ka goge irin wannan babu ko mega ɗaya da zaka samu, kuma ka goge shi ne har a can intanet ɗin da sauran na'urorinka. Mutum ya yi asara biyu kenan, ba wuri ba fayil, sai dai in ya bi shi kwandon OneDrive ya dawo da shi. In fayil ɗin mai koren maki ne, wato yana kan diskin da gaske, ba sai ka goge shi ba, ka zaɓi Free up space, zai sauka daga kan kwamfutarka amma yana nan a ajiye.

Yanzu mu zo kan mai riƙon da ba a gani, wanda shi ne yake rikita har waɗanda suka daɗe da kwamfuta. Tsare-tsaren zamani suna ɗaukar hoton yanayin diski, wanda ake kira snapshot, lokaci-lokaci saboda in abu ya lalace a iya komawa baya. A Mac tun 2017 da aka kawo APFS tare da High Sierra, in Time Machine ɗinka, wato manhajar bakof ta Mac, a kunne yake to kusan duk awa ɗaya yana ɗaukar irin wannan hoton a kan diskin cikin kwamfutar kanta, ko diskin bakof ɗin baya jone, kuma yana riƙe kowanne kamar awa 24. To ka ga in bidiyonka na giga 60 yana nan lokacin da aka ɗauki hoton ƙarfe goma, kai kuma ka goge shi sha ɗaya ka zubar da Trash, hoton ƙarfe goma yana riƙe da shi har yanzu, wurin ba zai saku da gaske ba sai hoton ya tafi. Shi ne zaka ga Disk Utility tana nuna wani kaso a matsayin purgeable, wato wanda Mac zata iya sharewa da kanta, Finder ta faɗi wata lamba, wata manhajar kuma ta faɗi wata daban, kai kana tsakiya baka san wa zaka yarda da shi ba. In ka buɗe Terminal ka rubuta tmutil listlocalsnapshots / zaka gansu a jere kowanne da kwanan watansa da lokacinsa. Shawarata a nan, in ba gaggawa kake ba ka ƙyale su, Mac da kanta take share su in ta matsu da wuri, kuma zuwa gobe war haka dama sun tafi. In kuwa wata manhaja ta ƙi sauka tana cewa babu wuri, to tmutil deletelocalsnapshots ka bi shi da kwanan watan da ka gani a jerin, amma ka sani ka yanke hanyar dawo da abin da ka goge ta nan.

Wani abin na Mac kuma, in ka yi Duplicate na fayil a kan diski ɗaya, APFS bata rubuta shi sau biyu, sunaye biyu ne suke tarayya a kan bayanai ɗaya har sai an canza wani. Ka ga mutum yana murna ya gano yana da kwafi biyu na abu mai nauyi, ya goge ɗaya, bai samu komai ba, domin ɗayan yana riƙe.

A Windows makamancin wannan shi ne System Restore, yana tara nasa a System Volume Information, foldar da ko kai admin ne bata buɗe maka kai tsaye. Ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta vssadmin list shadowstorage zai gaya maka nawa ya ci da kuma iyakar da aka ba shi. Na sha ganin ana ba mutane shawarar su kashe shi gaba ɗaya, ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ranar da direban wata na'ura ko afdet ya birkita maka kwamfuta shi ne zai cece ka. Abin da ya fi shi ne ka shiga Disk Cleanup, ka danna Clean up system files, a shafin More Options akwai inda zaka goge duka tsofaffin ka bar na ƙarshe, sannan ka je System Protection ka rage masa iyaka. Masu Linux da suke kan Btrfs ko ZFS, ko masu amfani da Timeshift ko Snapper, ku ma nan ne wurin dubawa, musamman openSUSE da take zuwa da Snapper a kunne.

Tunda an zo kan Linux bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan shi ne wanda yake hana masu kula da saba, wato server, barci. Saba ta cika, ka bincika ka gano wani fayil ɗin log, inda manhaja take rubuta tarihin aikinta, ya kumbura ya kai giga 40, ka goge shi da umarnin rm, ka rubuta df -h ka ga har yanzu 100% take nunawa. Ka rubuta du ka tara nauyin duk foldodin, lissafin bai kai ko kusa da abin da df ke faɗa ba. Dukansu gaskiya suke faɗa fa. Shi du sunaye yake bi yana tarawa, sunan kuwa ya tafi, shi kuma df wurin da aka mamaye yake ƙirgawa, wurin kuwa har yanzu a mamaye yake, saboda manhajar da take rubuta log ɗin bata rufe fayil ɗin ba, tana riƙe da shi a buɗe, kuma mafi muni ma tana ci gaba da rubutu a cikinsa, yana ƙara girma ba tare da yana da sunan da zaka gan shi ba. Linux ba za ta saki wurin ba sai sunan ƙarshe ya tafi kuma manhajar ƙarshe ta rufe. Ka rubuta sudo lsof +L1 zaka ga layi ya fito, sunan manhajar a farko, lambarta, girman fayil ɗin a tsakiya da jerin lambobi masu tsawo, can ƙarshe kuma tsohon sunansa da kalmar deleted manne a jiki. Ka yi wa wannan sabis ɗin ristat, ka sake df, sai ka ga giga 40 sun dawo gaba ɗaya lokaci guda. Gaba kuma in log ya kumbura kada a yi masa rm, truncate -s 0 ake yi masa, ya zama fanko yana wurinsa, sannan a gyara logrotate, mai rage tsofaffin log, don kada ya sake. Wannan yana faruwa a Mac ma. Windows ce dai galibi take ƙin barinka ka goge fayil ɗin da yake buɗe tun farko. Ga mai laftof na gida kuwa, fassarar duk wannan dogon bayani ita ce ka yi ristat kafin ka yanke hukunci, kuma Restart nake nufi, don Shut down a Windows in Fast Startup na kunne ba cikakkiyar kashewa ba ce.

Akwai wani kuma na ext4. Tsarin yana ware kashi 5 cikin ɗari na diski ga root kaɗai, wato babban admin na Linux, a diskin tera ɗaya wajen giga 50 kenan. In diskin ya cika maƙil har ayyukan root suka cinye wannan ajiyar, sai ka goge giga 10 ka ga df yana nuna Used ya ragu amma Avail yana nan a sifili, domin abin da ka saki ya tafi cike gurbin ajiyar ne tukuna. A diskin da kayan ajiya kawai yake ɗauke da su ana iya rage kason da tune2fs -m 1, amma a wanda tsarin yake zaune a kai ni barinsa nake.

Sai masu kwamfuta a cikin kwamfuta, wato VirtualBox, WSL 2 (Linux a cikin Windows) da Docker Desktop. Diskin irin waɗannan fayil ɗaya ne a kan diskinka na gaske, kuma ɗabi'arsa girma yake baya komawa da kansa. Ka sauke giga 30 a cikin WSL, fayil ɗin ext4.vhdx ya buɗe da giga 30, ka goge su a ciki, Linux ɗin ciki ta ce wuri ya samu, Windows a waje kuwa tana ganin fayil ɗin yadda yake. Sai ka rufe shi da wsl --shutdown, ka shiga diskpart, ka zaɓi fayil ɗin da select vdisk sannan compact vdisk. A VirtualBox kuma VBoxManage modifymedium tare da --compact, bayan an cike wurin da babu komai da sifili daga ciki, in ba haka ba bashi da yadda zai gane ina ne fanko. Don Allah ka yi kwafin fayil ɗin a wani diski kafin ka taɓa shi in akwai aiki mai muhimmanci a ciki.

Wani lokacin ma babu mai riƙo, wurin ya dawo ɗin, wani ne ya riga ka cinyewa. Kwamfutar da ta daɗe a cike tana da ayyuka a layi suna jira, afdet ɗin Windows da ya kasa sauka, daunlodin da ya tsaya, foldar da take son jawo kaya daga intanet, da sun ga fili sai su afka. Shi ya sa nake cewa a daina zato, a duba da ido. WizTree ko WinDirStat a Windows, GrandPerspective a Mac, ncdu a Linux, kuma a buɗe su da ikon admin in ba haka ba akwai foldodin da zasu tsallake lissafi ya ƙi cika. Ban da ncdu da yake jera su a rubuce, sauran suna zana maka diskin a matsayin akwatuna masu launi, kowane fayil gwargwadon nauyinsa, sai ka ga dubban ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe guda sannan wani ƙaton akwati shi kaɗai ya cinye kusurwar allo, ka ɗora maus a kai sunansa ya fito. Sau da yawa ba abin da kake zargi ba ne sam.

Daga cikin manyan akwatunan da zaka gani akwai waɗanda ake taɓawa da waɗanda ba a taɓawa. Windows.old tsohuwar Windows ɗinka ce bayan babban afdet, takan kai giga da yawa, Windows tana share ta da kanta bayan kwana 10, in kuma kana so yanzu ta Disk Cleanup ko Storage a cikin setin zaka bi, ba da dilit ba, kuma daga nan babu komawa tsohuwar. Hiberfil.sys, inda Windows take ajiye abin da ke cikin ram in an yi Hibernate, yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ram ɗinka, mai giga 16 zai ga sama da giga 6, powercfg /h off yana cire shi amma Hibernate da Fast Startup sun tafi tare da shi. Pagefile.sys ka ƙyale shi. WinSxS kuwa, foldar da Windows take ajiye kayan jikinta, ina roƙonka kada ka sa mata hannu, girman da take nunawa ma ya fi na gaskiya domin yawancin fayilolinta tarayya suke da waɗanda suke wasu foldodin na Windows, ana ƙirga abu ɗaya sau biyu. In dole sai an rage ta, Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup shi ne hanyar da Microsoft ta tanada.

Manhajojin nan masu tallan cewa da dannawa ɗaya zasu wanke maka kwamfuta ta koma sabuwa, ni bana ba kowa shawararsu. Abin kirkin da suke yi Disk Cleanup da Storage Sense suna yinsa kyauta, abin da suke ƙarawa a kai kamar share rijistiri baya dawo da wurin a zo a gani, kuma babu ɗaya daga cikin matsalolin da na lissafa a sama da zaka ce ka gane ta don ka danna maɓalli ɗaya.

Wata 'yar ƙaramar magana don kada ka nemi abin da bai ɓata ba, diskin da aka rubuta tera 1 a kwalinsa Windows zata nuna shi 931, na 256 kuma 238. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirgawa, Windows kuma da 1024, babu giga ko ɗaya da ya ɓuya a nan.

Kafin ka zubar da kwando ko ka saba wa hannunka da Shift da Delete, ka buɗe ka leƙa abin da ke ciki. A tsohon had diski mai juyawa bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, shi ya sa manhajojin dawo da fayil suke cin nasara in an yi sauri. A SSD kuwa akwai umarnin TRIM, da ka zubar tsarin yake sanar da diskin cewa wuraren nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya share su da kansa a bayan fage, dawo da su yakan zama abu mai matuƙar wuya ko ma ya gagara. Yawancin laftof na yanzu kuwa SSD ne a ciki.

In ka bi duk wannan, kwanduna fanko, ka yi ristat, hotunan diski ka duba, WizTree da ikon admin ya tara lissafi amma har yanzu akwai giɓi babba tsakanin abin da ya gani da abin da Windows ke cewa an ci, to yanzu ne za a zargi jadawalin kansa. Yakan faru bayan ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ko zare diski ba a yi masa ijet ba, a bar wurare a rubuce cewa an mamaye su alhali babu fayil ɗin da ya mallake su. Ka fara kwashe muhimman kayanka zuwa wani diskin, sannan chkdsk C: /f a Windows, zai nemi ka bari ya yi aikin a ristat na gaba, ka ce masa eh. A Mac First Aid ne cikin Disk Utility, a Linux kuma fsck, amma shi sai diskin ba a ɗore yake ba, wato tsarin baya amfani da shi a lokacin, don haka na tsarin kansa daga filash mai ɗauke da Linux ake tayar da kwamfutar a duba shi.